Ba a Sayar da Igiya

Ranar Laraba da hantsi Almustafa ya turo Goɗiya garejina, ya ce in wanke ta, in sake mata mai, in sa ta yi ƙyalli, don ranar Lahadi zai kai ta kasuwa. Goɗiya sunan da muka sa wa baburinsa ne, ja mai dogon sirdi, wanda ya yi shekara huɗu yana hawa zuwa jami'a a nan Tawa. Na ce baburinsa ne don sunansa ke kan takarda. Amma in ana zancen wanda ya san kukan injinta, wanda ya san ranar da take jin ƙiwa da ranar da take son gudu, to ni ne mai ita.

Na ajiye sifanar da ke hannuna na ce, "Kasuwa? Mi tay yi maka?"

"Ba ta yi min komi ba, babban yaya. Mota za ni saye."

Wata goma sha ɗaya kacal na ba shi, kuma ba ya tuna ni babban yaya ne sai in yana son aikin kyauta. Na yi dariya, na ce Allah ya sa alheri, na ce kai madalla. Bakina ne ya faɗi duk wannan.

Sunana Talle, kuma duk wanda ya ji sunan ya san labarina. Uwata ta rasu ina goye, ubana bai daɗe ba ya bi ta. Yayarta, Inna Rahama, ita ta ɗauke ni zuwa gidanta a Affala tana da cikin Almustafa. Tabarma ɗaya muka kwana ni da shi, akushi ɗaya muka ci, rana ɗaya aka kai mu lekol, makarantar boko. Daga nan hanya ta rabu. Na faɗi jarrabawar brebe sau biyu, shi ya wuce kamar an buɗe masa ƙofa. Na zo Tawa koyon gyaran babura, shi ya zo lise, babbar sakandare. Da ya ci bak, jarrabawar shiga jami'a, Baba, mijin Inna, wanda ke cin rani a Abijan, ya aiko da kuɗin babur. Ni ma bai manta da ni ba, Allah ya ji ƙansa, ya aiko mini da agogo.

Ban ji haushin baburin ba sosai, kuma ga dalili. Almustafa na tsoron rairayi. A kan kwalta namiji ne, amma da zarar mun bar gari mun kama hanyar Affala, sai ka ga hannunsa na rawa, gaban babur na lilo. Tun faɗuwarmu ta farko ya sauka ya miƙo mini makulli. Daga ranar, kowace Juma'a in za mu je ganin Inna, ni ke tuƙi, shi yana baya, ya riƙe rigata da hannu biyu yana cewa in yi a hankali. Mu shiga gari, mutane na zaune gindin bishiyar bedi suna kallo, su ce ga Talle ya kawo ɗan lekol. A duniyar nan kaf, wannan sirdin ne kaɗai wurin da nake gaba Almustafa yana baya.

Yanzu ya gama, ya karɓi lisans ɗinsa, wato digiri, kan aikin noma, wani poroje na rijiyoyin lambu ya ɗauke shi aiki. Shekara guda yana aiki yana tara kuɗi. Ya yi permi, takardar tuƙin mota, ban ma sani ba. Ga kuma wani malamin lise da aka yi wa canjin aiki zuwa Damagaram yana sayar da motarsa, ƙarama fara, kuma Litinin ta sama zai tashi. Abin da Almustafa ya tara, in an haɗa da kuɗin Goɗiya, ya isa cif.

"Abokan aikina dut da mota su ka zuwa biro," in ji shi. "Ni kaɗai ni ka isowa da ƙura har cikin kunne. Kuma ka diba Inna, ƙahwahunta sun hwara ciwo. In ta tashi zuwa likita sai in ɗauko ta cikin mutunci."

Ka ji fa. Har da Inna ya jawo ciki, don kada mutum ya sami bakin magana.

Da maraice 'yan fadarmu suka taru bakin gareji kamar kullum, aka ɗora shayi. Labari ya riga ni isa. Wannan ya ce Almustafa ya zama patoro, babban mutum, wancan ya ce dama tun yana yaro an ga alama. Sadiƙu mai faci, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya dube ni ya ce, "To kai Talle, yanzu ina za ka zamna? Gaba ko baya? Ko kai ka buɗe mai ƙohwa?" Aka fashe da dariya, ni ma na yi, har da tafa hannu. Kofin shayin da aka miƙo mini kuwa na kasa shanyewa.

Na yi wa Goɗiya aikin da ban taɓa yi wa babur ba. Na wanke ta, na sake buji, wato fulogi, na ja sarƙa, na goge tanki har ina ganin fuskata a jiki, kuma fuskar ba ta yi mini kyau ba. Ina gogewa ina tunani. Mota ban san cikinta ba, ba ni da permi, ko a ina ake zuba mata ruwa sai na tambaya. Ranar Juma'a zai zauna ya riƙe sitiyari, ni ina gefe kamar buhun gero. Mutanen gindin bedi su ce ga Almustafa ya kawo Talle. Wallahi ban so ya sami motar nan ba. Ban so ta ƙone ko ta faɗi da shi ba, Allah ya sani. Na dai so ta wuce Damagaram da mai ita, a bar mu yadda muke.

A Tawa ba a sayen tsohon babur da bakin dillali. Dillali aikinsa yabo, kowa ya sani. Mai saye in yana da hankali sai ya tambaya wa ke gyara shi, ya turo baburin har garejin, mai babur da dillali su tsaya can nesa, shi kuma ya keɓe da bakanike ya tambaye shi tsakaninsa da Allah. Abin da bakanike ya faɗa shi ne farashi. Da wannan amanar muke cin abinci, kuma a layinmu an san ni ba na yi wa mai saye ƙarya.

Ranar Lahadi bayan azahar sai ga su. Alƙasum dillali a gaba yana ta zuba, Almustafa na biye, sai wani dogon Buzu mai baƙin rawani, Attaher, ɗan kasuwa daga Takanamat. An riga an yi ciniki, ya taya jika ɗari huɗu, saura jin bakina. Alƙasum ya ja Almustafa suka koma inuwar shagon mai faci, suka ba mu baya kamar yadda aka saba.

Attaher ya tsuguna ya ce, "Maigida, an ce kai ka riƙon ta tun tana sabuwa. Tsakaninka da Allah, mi ag gare ta?"

Na tayar da ita na bar shi ya saurara. Na ce inji lafiya, ba a taɓa buɗe shi ba. Na ce ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, birki sabo ne. Duk gaskiya ne. Ya gyaɗa kai, ya ajiye mini kuɗin shayi a kan benci, ya miƙe zai tafi. Da na yi shiru a nan, da yanzu ba ni da labarin da zan ba kowa.

Na ce, "Dakata."

A shekara ta biyu da sayen Goɗiya mun faɗa wani kwazazzabo da ita, da damina, ɗauke da buhun gero. Shasi, wato ƙarfen da ke riƙe da babur gaba ɗaya, ya tsage a ƙarƙashin tanki. Ni na yi waldar da hannuna, na goge, na shafa fenti, ko mai ido huɗu ba zai gani ba. Shekara uku ke nan tana ɗaukar mu a kan rairayi da duwatsu ko motsi wurin bai yi ba. Na sha yi wa Almustafa alfahari cewa waldata ta fi ƙarfen asali ƙarfi, kuma haka ne.

Na kama hannun Attaher na kai ƙarƙashin tankin, na sa farce na kankare fentin. Ya shafa, ya ji tudun waldar. Ya ɗago ya dube ni.

"Ta taɓa karyewa?"

"Ka dai ji da hannunka."

"Tana riƙewa?"

Nan ne wurin da ya kamata in ce ta fi sabuwa. Sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Ƙarhe na. Allah kaɗai yas san ranatai."

Ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina gaya wa kaina haka, har na kusa yarda. Attaher ya je ya ce wa Alƙasum zai yi shawara, ya kama hanyarsa. Almustafa ya ɗago mini hannu daga nesa yana tambaya da ido, na buɗe tafin hannuna alamar ban san komai ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin magariba duk dillalan babura sun ji cewa jan baburin nan karyayye ne. Ranar Litinin mutum biyu suka zo, ba su ko saurari inji ba, kai tsaye suka cusa hannu ƙarƙashin tanki suka tafi. Ranar Talata wani ya taya kuɗin da ko keke mai kyau ba zai saya ba. Almustafa ya zo gareji da yamma ya zauna a kan benci, takalmansa na biro duk ƙura. Na zuba masa shayi na ce ya yi haƙuri, wataƙila motar ba rabonsa ba ce, wata na nan tafe. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce haka ne. A daren na yi barci mai daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ashe Attaher ba wawa ba ne. Mutumin da ya tashi cikin raƙuma ya san bambancin tabo da ciwo. Ya shafa waldar nan ya san aiki ne na ƙwarai, ya koma gefe ya bar kasuwa ta yi masa aiki. Ranar Alhamis ya dawo ya taya jika ɗari biyu da ashirin. Na tabbata Almustafa zai ce albarka. Sai ga Alƙasum ya biyo ta gareji yana gaya wa Sadiƙu an sallama. Ina tsaye da tsumma a hannu Attaher ya wuce a kan Goɗiya, rawaninsa na kaɗawa, har ya ɗago mini hannu.

To, babur ya tafi. Na ce a raina ai ko ba komai motar ma ta tafi, tunda kuɗi ba su kai ba. Mu zauna a ƙasa mu biyu, a ga wanda zai fi wani.

Da asubar Juma'a wayata ta yi ƙara. Inna ce, da wayar maƙwabta. Ta ce in zo yau, ni kaɗai. Na ari baburin wani da ya kawo gyara na kama hanya, bayana wayam babu mai riƙe mini riga.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Inna ba ta taɓa kiran sunan Almustafa ba, ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Ni kuwa tun ina ƙarami ni ne na cinya, ni ne na ƙanzon tukunya. Ta sa aka kawo mini fura, ta tambayi aiki, ta tambayi gari, ta yi ta kewaye-kewaye har na san akwai magana. A bayanta, a turke, Tauraruwa na tuƙa.

Tauraruwa karsanata ce, ja mai farin ɗigo a goshi. Uwata da ta rasu akuya guda ta bari. Inna ta riƙe akuyar nan da sunana, ta haihu, 'ya'yan suka haihu, ta juya su tumaki, tumakin ta juya su maraƙa. A shekarar da fari ya ci dabbobin ƙasarmu ta Adar, Inna ta sayar da nata kaf, har da tasoshin ɗakinta, amma ba ta taɓa nawa ba. Abin da ya tsira ya zo ya zama Tauraruwa, ga ta da cikin fari. Da ita nake lissafin aure, da ita nake lissafin ranar da zan bar rumfar haya in kafa garejin kaina. Duk abin da uwata ta bari a duniya yana tsaye a turken nan.

Inna ta ture faifan wake ta ce, "Ɗana, ɗan'uwanka ya shiga matsi. An ce baburin nan an kushe shi kasuwa, ya saida shi da hasara, kuma mai mota jibi-jibin nan shi ka tashi. Ya riga ya ba mutane baki, har wurin aikinsu an sani."

Na ce, "Na ji, Inna."

"Ni ba ni da abin da za ni kamawa. Kai ka sani." Ta dubi hannuwanta. "Shekara ashirin da bakwai ban taɓa roƙon ka komi ba. Kuma wallahi kunya ni ka ji, don wancan ɗin nawa na. Da kai na cikin matsin, da ban tsaya tambaya tai ba, sai in kama abinai in saida. Amma wagga taka ta, ta uwarka ta. In ka ce a'a, ba ni jin zahi, kuma ba mai ji."

Ka gaya mini, wane bakin zan buɗe in ce a'a? Matar da ta ba ni nono kafin ta ba ɗanta, matar da ta sayar da tasoshinta ta bar mini akuya. A gidanmu ba a yi wa irin wannan roƙo shawara, ko numfashi ba a ja kafin a amsa. In ka yi jinkiri daidai da ƙiftawar ido, an gane, kuma har ka mutu ana tunawa. Ga shi kuma ni kaɗai na san wanda ya haƙa ramin da ake so in cike.

Na ce, "Haba Inna. Ni da abin da nim mallaka ai naki na. Da ma ba ki tambaya ba."

Ta rufe fuska da gefen zane ta yi kuka, tana sa mini albarka, tana kiran sunan uwata tana cewa ta haifi ɗa. Ni kuwa ina kallon Tauraruwa tana kaɗa wutsiya, ina jin kamar in tashi in fasa tulun da ke gabana.

Ranar Lahadi aka kawo ta kasuwar dabbobi ta Tawa. Ban je ba, na ce aiki ya yi mini yawa. Kawu, ɗan'uwan Inna, shi ne ya sayar, kuma abin da aka samu ya cike giɓin har da ɗan canjin yin takardu. Ranar Litinin da yamma farar mota ta tsaya a bakin garejina, Almustafa ya fito sanye da shadda. 'Yan fada suka kewaye ta, ana shafawa, ana leƙawa, ana barka. Ya tsaya a tsakiyarsu ya ce kowa ya ji, ba don Talle ba da motar nan tana Damagaram, Talle ne ya ba da karsanarsa. Wuri ya ɗauki kabbara. Sadiƙu mai faci ya kama hannuna ya ce ya yi mini shaidar banza a da, ashe irina ba a haifa kullum. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce a yi koyi da ni. Ban taɓa shan yabo irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin abin da ya fi shi ɗaci ba.

Juma'a ta zo. Ya zo ya ɗauke ni, ya buɗe mini ƙofar gaba da kansa. Kujera mai laushi, iska na shigowa ta taga, rediyo na yi. A kan rairayi motar ta ɗan yi rawa, na jira in ga hannunsa ya yi lilo ya ce in karɓa, ko da yake ban iya ba. Bai yi ba. Ya canza giya ya wuce abinsa. Muka shiga Affala mutanen gindin bedi suka miƙe tsaye, abin da ba su taɓa yi wa Goɗiya ba. Na ji da kunnena wani yana cewa, "Almustafa na, ga Talle nan ya ɗauko."

Inna ta fito har ƙofar gida, ta taɓa motar da yatsa ɗaya kamar mai gwada zafin tukunya, ta juya ba ta ce wa ɗanta komai ba. Ni ta kama wa hannu ta ja ciki. Turken na nan, ƙasa ta yi laushi inda Tauraruwa ke kwanciya, ga sauran harawa. Inna ta shiga ɗaki ta fito da igiya a naɗe, tsohuwar igiyar kaba wadda wuyan karsanar ya goge har ta yi santsi.

"Ungo. Na ce ma kawunku ko da wasa kada shi bar ta can. Ba a saida dabba da igiyarta, arzikin garke cikinta shi ke. Ka aje, Allah shi maida maka da wadda tah hi ta."

Na karɓa. Warin karsanar na jikinta.

Bayan la'asar muka yi shirin komawa. Inna ta sa aka fito da buhun gero da na wake aka cusa a bayan mota, murfin ya ƙi rufuwa. Almustafa ya danna, ya sake dannawa, ya waiwaya yana neman abin ɗauri, idonsa ya faɗa kan hannuna.

"Yawwa, babban yaya, miƙo igiyag ga in ɗaure."

"A'a."

Ni kaina ban san da ƙarfi haka ta fito ba. Kawu da ke tsaye ya juyo. Inna ta dube ni baki buɗe. A'ar da ta gagare ni a kan karsana mai ciki, ita ce ta fito a kan igiyar da ba ta kai dala ashirin ba.

Inna ta ce, "Talle, igiya ta hwa. In kun isa sai shi kwance shi ba ka."

"Na ce a'a, Inna."

Almustafa ya ce, "Bar shi. Ya ba da abin da yah hi igiya." Ya shiga mota ya tayar.

Haka muka kama hanya murfin baya a buɗe, duk ramin da muka faɗa sai ya daki buhu ya yi ƙara. Ya kashe rediyo. Sai da muka wuce kwazazzabon da muka taɓa faɗawa da Goɗiya sannan ya yi magana, idonsa na kan hanya.

"Talle, waldan nan ta ƙarƙashin tanki, mutum nawa sunka san da ita?"

A duk lissafin da na yi, wannan ne ban yi ba. Ranar da na yi waldar mu biyu ne a garejin, shi ya riƙe mini fitila, kuma mun yi alkawari ko Inna ba za ta ji mun faɗi ba.

Ya ce, "Tun ranar Lahadin nis sani. Da Attaher yat tahi na sa hannu na ji an kankare hwenti. Kwana ukku ina zuwa garejinka ina zamnawa, ina jiran ka hwaɗa min da bakinka. Sai ka zuba min shayi ka ce ba rabona ba ta."

"In ka sani, don mi ka bari Inna ta roƙe ni?"

"Ban bari ba. Ni nic ce ta roƙe ka."

Murfin baya ya sake dukan buhu. Na juyo na dube shi sosai, yaron da ya shekara biyar yana riƙe da rigata.

"Na san ba ka iya ce mata a'a," in ji shi. "Abin da bakinka yar rage, shi kac cika. Ban ƙara ko dala ba, canjin takardu ma ina maido ma."

"Ta uwata ta, Almustafa."

"Na sani." Ya gyara riƙon sitiyari. "Goɗiya ma Baba yas saya min, ita kaɗai yab bari. Ka ga ai ban so saida ta ga banza ba."

Na so in zage shi, na so in ce ya tsaya in sauka in taka da ƙafa. Amma in na sauka sai an tambayi dalili, in an tambaya kuwa sai magana ta koma Affala.

Na ce, "Inna ta sani?"

"Ba ta sani ba. In ba kai kag gaya mata ba, ba ta ji har abada. Ta ɗauka ta yi renon mutanen kirki guda biyu. Bar ta haka nan."

Fitilun Tawa suka fara bayyana, ana kiran magariba. Ya rage gudu don ramukan bakin gari, ya tuƙa a hankali yadda ya kamata, ko sau ɗaya bai yi kuskuren da zan gyara masa ba. Wannan ma ya ba ni haushi. Da muka iso gareji ya tsaya, bai kashe inji ba.

"Juma'a in biyo ma?"

Inna za ta fito ƙofar gida ranar Juma'a, kuma mutum biyu za ta ƙirga. Na buɗe ƙofa na sauka da igiyata a hannu.

Na ce, "Biyo. Amma ka nemi abin ɗaure bayan motarka."